Tsirkiya ɗaya, murya ɗaya: me Ɗan Maraya Jos ya yi da ake girmama shi haka?

Wani matashi mai haɗa kiɗa a wani sitidiyo a nan Jos ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, kullum ina jin manya suna ambaton Ɗan Maraya Jos da girmamawa, har Dakta ake ce masa. Na zauna na saurari waƙoƙinsa, sai na ji tsirkiya ɗaya ce ke ta maimaita abu guda, ba ganga, ba 'yan amshi. Don Allah mene ne ainihin abin da ya yi? Gwaninta ce, ko kuwa sa'a ya yi ya zo lokacin da mawaƙa ba su da yawa?"

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, kuma ban ga rashin kunya a cikinta ba. Gara ka tambaya da ka riƙa gyaɗa kai don ka ga manya suna gyaɗawa. Na yi shekaru ina shirye-shiryen Hausa a gidan rediyo a garin nan, faya-fayansa da kasakasansa sun bi ta hannuna ba adadi, daga baya kuma na koyar da waƙar baka. Saboda haka zan ba ka amsa irin ta mai sana'a ga mai sana'a, tunda kai ma kiɗa ne abincinka.

Mu fara kawar da zancen sa'a, don shi ne mai sauƙi. Lokacin da Ɗan Maraya ya fito fili, fagen waƙar Hausa cike yake da giwaye. Mamman Shata yana kan ganiyarsa da kalangai da 'yan amshi, Musa Ɗanƙwairo yana riƙe da fada da kotsonsa, Ɗan Anace yana tayar da tsikar jikin 'yan dambe, Haruna Uji yana sa gurmi magana a Haɗeja, ga Barmani Coge tana cika gidajen biki da ƙwaryar amada. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne kasuwar da dukansu ke baje koli, kuma mai sauraro na wancan zamani kunnensa a wanke yake, ya san waƙar da ta nuna da wadda aka sauke ɗanya. Yaron da ya shigo wannan fage shi kaɗai da ɗan gwangwani a hannu, har aka matsa masa ya zauna a sahun gaba, ba sa'a ce ta zaunar da shi ba.

Yanzu ga batun "ba ganga, ba 'yan amshi", wanda ka kawo a matsayin naƙasu. A wurina nan ne gwanintar take kwance.

A waƙar baka da muka gada, akwai jagora akwai 'yan amshi. Jagora ya kafa gindin waƙa, yaransa su riƙe, shi kuma ya riƙa kawo 'ya'yan waƙa masu ɗauke da saƙo, su karɓa, wani lokaci su ƙarasa masa layin da ya faro, wani lokaci su yi masa ƙari. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi bayanin wannan tsari dalla-dalla. Abin da mai sauraro bai cika lura da shi ba shi ne, amshi hutu ne ga jagora. A 'yan daƙiƙoƙin da yara ke maimaita gindi, nan yake jan numfashi, nan yake duba taro ya ga wane babban mutum ne ya shigo, nan yake ƙulla ɗan da zai biyo baya. Makaɗa kuma suna riƙe masa da kari, hannunsa a sake yake. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, amshi ya rufa masa asiri. In murya ta gaji, kalangu ya cike gurbin.

To cire wannan duka. Bar mutum shi kaɗai: hannu ɗaya yana kaɗa tsirkiya, ɗayan yana danna ta a jikin sanda, baki yana rera magana, kai yana ƙulla ta gaba, ido yana kan jama'a. Ba mai karɓa masa, ba sanƙiran da zai yi ihu ya ja hankalin mutane in abu ya yi sanyi. Kuskure ko na gaɓa ɗaya ne, a sarari zai fito kamar baƙin tabo a farar riga. A haka Ɗan Maraya ya yi aiki shekara da shekaru, kuma kuntigin nan, wato ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya da yake kaɗawa, shi ya mayar ɗan amshinsa, shi ne makaɗinsa, shi ne wurin hutunsa.

Ka ce tsirkiyar abu ɗaya take maimaitawa. Koma ka saurara da na'urar kunne, wadda kuke aiki da ita a sitidiyo. Za ka ji kuntigin aiki biyu yake yi. Idan ya yi shiru da baki, tsirkiya tana juya wani ɗan zubi mai sauri wanda shi ne tambarin wannan waƙar, kowace waƙa da nata, har kana iya gane ta tun kafin ya furta kalma. Da zarar ya buɗe baki, sai zubin ya sauya, tsirkiyar ta bi muryarsa, ta hau inda ya hau, ta sauka inda ya sauka, amma saurin bugun bai canja ba. Yana rufe baki ta koma zubinta na farko. Na taɓa zama kusa da shi a wani taro a garin nan, na bar kallon fuskarsa na zuba wa yatsunsa ido tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Ranar na gane cewa abin da kunnena ya daɗe yana ɗauka abu ɗaya, ashe hira ce tsakanin baki da hannu.

Me ya sa dole tsirkiya ta bi murya? Saboda Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Ga kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wadda in ka ja gajera ko ka datse doguwa, kalmar ta tashi daga ma'anarta. Mawaƙin Hausa na ƙwarai ba ya ƙera kari sannan ya cusa kalmomi a ciki da ƙarfi. Daga cikin maganar yake zaƙulo karin. A nan ne nake da ƙorafi a kan yawancin abin da ke fitowa daga sitidiyo yau, kuma ina faɗa maka ne don na san kana iya gyarawa. Ana fara haɗa kiɗa a kwamfuta, a gama shi tsaf, sannan a kira mawaƙi a ce ya hau. Sai ka ji an karya wa kalma wuya don ta shiga gurbin da aka tanadar mata, na'urar gyaran murya kuma ta shafe sauran. Kunnen tsoho yana jin wannan karaya ko da bai san sunanta ba. A waƙar Ɗan Maraya ba za ka ji an tilasta wa kalma ba. Yana waƙa kamar yana yi maka magana a bakin shago, amma in ka bi da tafi za ka tarar ko'ina a kan ma'auni yake.

Wannan ma'auni har ƙetare an yi nazarinsa. Marigayi Farfesa Russell Schuh na jami'ar UCLA a Amurka, wanda ɗalibansa na Hausa ke kira Malam Takalmi, ya zauna ya auna karin waƙoƙi uku na Ɗan Maraya a kan aure, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda ake auna rubutacciyar waƙa. Ba a yi wa abin da aka yi da ka irin wannan awo.

Bari in koma baya kaɗan, don ba a fahimtar mutumin sai an san inda ya fito. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Uban ya rasu yana jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Sunan Ɗan Maraya ke nan, ba laƙabin kasuwa ba ne da aka zauna aka zaɓa. Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, can ya ga masu kaɗa kuntigi abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Lura da wannan: ɗan makaɗin fada ne, a fada ya tashi, hanya a buɗe take ya gaji kiɗan uban. Sai ya ɗauko kayan kiɗan da ba shi da wata daraja a idon fada.

Kuntigi kuwa ka san shi. A da ɗan ƙoƙo ne ake rufewa da fata, daga baya aka koma gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, a ɗaure masa fatar akuya, a soka sanda, a ja tsirkiya ɗaya. Akwai abin da yake taɓa zuciyata duk lokacin da na tuna wannan. Bukuru garin kuza ne. Kuzar da leburori suka haƙa a filayen nan aka ɗora a jirgin ƙasa zuwa teku, babban aikinta a ƙasar Turai shi ne shafe ƙarfen gwangwani don kada ya yi tsatsa. Gwangwani ya dawo mana da kifi a ciki, aka cinye aka yar, maraya ya tsinta ya sa masa murya, ya yi wa leburan waƙa da shi.

Garin ma yana da hannu a cikin abin da ya zama. Jos da Bukuru ba irin Kano ko Katsina ko Sakkwato ba ne, inda fada ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da makaɗa, kowane basarake da nasa. Garuruwa ne da haƙar kuza da jirgin ƙasa suka tara wa jama'a a farkon ƙarnin da ya wuce: Hausawa da Kanuri da Nupawa, Yarabawa da Ibo da Tibi, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, ga Angas da sauran mutanen tsaunuka suna saukowa neman aiki. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da bariki da tasha. Mawaƙin da zai ci abinci a irin wannan gari, masu sauraronsa leburori ne, direbobi, masu sayar da abinci, 'yan dako, sojoji, da yawansu ba da Hausa aka yi musu goyo ba. Shi ya sa Hausar Ɗan Maraya take a miƙe. Ka ɗauki Narambaɗa, gwani ne da ba a ja da shi, amma wani ɗan waƙarsa sai ka nemi Basakkwace ya warware maka. Ɗan Maraya kuwa tsohuwa Birom mai sayar da dankali a Farin Gada tana jin sa sarai, Bakano ma yana ji bai raina ba. Kada ka ɗauka sauƙin nan arha ne. Faɗin magana mai nauyi da kalmomin da yaro ya sani ya fi wuya a kan tara tsofaffin kalmomi.

Sai kuma rediyo. Kuntigi muryarsa ƙarama ce. A filin Allah, kusa da kalangu ko tambari, haɗiye shi za a yi. Makirufo ne ya daidaita su. A cikin akwatin rediyo, ɗan gwangwanin nan da taron makaɗa goma girmansu ɗaya, har ma ya fi su fitowa tas, don ba hayaniyar da za ta danne kalma. Mu da muka yi aikin ɗaukar murya mun san daɗin ɗaukar sa: mutum ɗaya, makirufo ɗaya, ba jeren makaɗa da za ka yi ta matsar da wannan kana janye wancan. In akwai sa'a a lamarinsa, to wannan ce, cewa ya zo daidai da zamanin rediyo da faifai da kaset. Amma wasu ma sun zo a lokacin da irin kayan kiɗansa, ba a kuma tuna su.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne babban aikinsa, wanda ya fi gwanintar hannu.

Waƙar yabo a ƙasar Hausa ciniki ce, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Makaɗi ya wasa mutum, mutum ya yi kyauta: riga, doki, daga baya mota da kujerar Makka. Saboda haka waƙa tana bin inda hannu yake da maiƙo, sarki, attajiri, babban ma'aikaci. Waƙar da ta fara fito da Ɗan Maraya, wadda har yau in an ambace shi ita ke fara zuwa bakin mutane, ita ce ta Karen Mota. Tsaya ka dubi sunan kawai. Yaron da ke kiran fasinja, ya ɗora kaya, ya sa wa taya waigi a kan tudu, ya kwanta ƙarƙashin mota cikin taɓo, ya tura in ta mutu, ya kwana a kan buhu yana gadi, sunan da jama'a suka ga ya dace da shi shi ne kare. Ba shi da doki, ba shi da riga ta biyu balle ya bayar. Shi Ɗan Maraya ya zaɓa ya wasa.

Kada in yi maka ƙari a kan gaskiya: ba shi ya fara yi wa masu sana'a waƙa ba. Tun tale-tale akwai makaɗan noma, akwai na mahauta, akwai na maƙera da na mafarauta. Amma waɗannan sana'o'in gado ne, kowace da sarkinta, Sarkin Noma, Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, da kirarinta da tarihinta, makaɗinsu ma gadon abin ya yi. Karen mota ba shi da ko ɗaya. Sana'a ce da zamani ya haifa jiya-jiya, ba gado, ba sarauta, ba kirari, yawanci ma yaro ne da ya baro gida. Ɗan Maraya ya ɗauki kayan aikin da aka tanada don sarakuna, yabo da zuga da kambamawa, ya sa wa wannan yaro. Maraya ne ya ga ɗan'uwansa. Ka je tashar Bauchi Road ka zauna da tsofaffin direbobi, waɗanda da yawansu daga karen mota suka faro, ka ambaci waƙar nan ka ga yadda fuska take sauyawa. Haka ya riƙa yi a sauran waƙoƙinsa, yana duban mai akwai da mai babu, yana tuna wa na sama cewa na ƙasa mutum ne, yana kuma gaya wa na ƙasa gaskiya a kan lalaci da hassada, don bai kasance mai shafa wa talaka mai a baki ba.

Waƙoƙinsa na aure su ne inda za ka ga shi a matsayin mai tsara waƙa, ba mai rerawa kawai ba. Jawabin Aure nasiha ce ga ma'aurata, yana jero abin da saki ke jawowa, yana roƙon a yi haƙuri a gyara. Auren Dole kuwa kai tsaye ya tunkari iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so. Ka tuna zamanin da aka yi ta. Ba ƙungiyoyi, ba taron ƙara wa juna sani a otal, magana ce da ake ganin ta cikin gida ce, ba ruwan bare. Kuma ka tuna wa ke kusa da rediyo da hantsi, lokacin da maza suka fita: matan gida. Waƙar ta shiga zauruka ta wuce har tsakar gida, inda malami ko alƙali ba ya shiga sai da sallama, ta faɗi abin da yarinya ba ta da bakin faɗa wa ubanta.

Gulma Wuya ita ce wadda nake sa wa ɗalibai in ina so su ga iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Labarin magulmaciya ce mai shiga gidaje tana haɗa miji da mata, da bokan da suke haɗa baki. Bai ba da labarin daga waje ba. Shi ne magulmaciyar, shi ne matar gidan, shi ne bokan, yana sauya murya daga wannan zuwa wancan, kowa da irin lafazinsa, kuntigi kuma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Wasan kwaikwayo ne cikakke a bakin mutum ɗaya. Kai da kake sitidiyo, ka san yadda za ku yi irin wannan yau: ku kira mutum uku, ku ɗauki kowa daban, ku yanka ku jona. Shi a zama ɗaya yake yi, a gaban jama'a, kuma gobe in ya sake yi sai ya ɗauko wani ɗa daga wata waƙar auren ya saka a ciki, ya zauna daram kamar don nan aka yi shi. Mutane suna dariya, amma kowace unguwa an san wadda ake nufi.

Akwai ɓangaren da ba zan tsallake ba don ina ƙaunarsa. A yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da yawa, yana zuga su, yana siffanta fagen daga kamar kana gani. Jos a lokacin ita ce hedikwatar jihar Binuwai da Filato, shugaban ƙasa Yakubu Gowon ɗan yankin ne, kuma gidaje da yawa a nan suna da ɗa a bakin daga. Waƙoƙin sun ƙara masa suna ƙwarai, sun kai shi kunnen hukuma. Ta fuskar fasaha suna da ƙarfi. Amma waƙar yaƙi gefe ɗaya take gani, kuma ni in na saurare su yau ina tuna maƙwabtanmu da suka bar garin nan a 1966, wasu ba su dawo ba. Haka nan ya yi wa masu mulki da masu kuɗi da 'yan siyasa waƙa, kamar kowane makaɗi mai iyali. Ba na ɓoye wannan, ba na kuma ganin ya rushe sauran. Abin da na lura da shi shi ne, waƙoƙin da ya yi wa manya yawancinsu sun tafi tare da manyan, na karen mota da matan aure su ne suka zauna.

Game da Dakta da ka ji ana ce masa, Jami'ar Jos ce ta ba shi digirin girmamawa, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambobin girma na ƙasa, MON da OON, ya kuma fita ƙasashen waje da kuntiginsa yana wakiltar Najeriya. Nauyin wannan sai wanda ya san matsayin maroƙi a al'adarmu zai gane shi. Mutum ne da ake jin daɗin waƙarsa a yi masa liƙi, amma in ya zo neman aure a fara duban juna. A ce ɗan makaɗi, maraya, wanda allonsa tasha ce da kasuwa, ya sa rigar jami'a malamai suna tsaye, wannan ya ɗaga kan duk mai riƙe da kayan kiɗa a Arewa, har da kai.

Kuma bai bar Jos ba. Garin nan ya ga tashin hankali a 2001, ya gani a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, mutane suka daina shiga inda suka tashi. Yana nan tare da mu, kuma yana cikin 'yan abubuwan da kowane ɓangare ke cewa nasa ne. Na sha jin muryarsa tana fitowa daga shagon Kirista a lokacin da mai shagon ba zai iya taka Unguwar Rogo ba. Garin da ya fitar da Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da M.I da su P-Square ya san kiɗa, amma da wuya ka sami wanda tsoho da yaro, masallaci da coci, suka haɗu a kansa kamar Ɗan Maraya. Ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, a farkon watan azumi, a nan Jos. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tunda sana'arka ce, ga abin da nake so ka gwada. Kashe kwamfuta. Ɗauki kayan kiɗa ɗaya, ko da fiyano ne ka danna da yatsa ɗaya. Zaɓi mutum ɗaya da kake gani kullum ba ka taɓa jin an yi masa waƙa ba, mai Keke Napep, mai tura ruwa a kura, yarinya mai tallan gyaɗa a Taminus, matan da ke fasa dutse a bakin hanya. Zauna da shi har ka san kalmomin sana'arsa, abin da ke ba shi haushi da abin da yake alfahari da shi. Sannan ka yi masa minti biyar ba tare da ka yanka ka jona ba, ba tare da ka karya kalma ko ɗaya ba. Ba don ka zama Ɗan Maraya na ce ka yi ba, kuma ban ce ka bar kayan zamani ba. Kuntigin ma bai mutu ba, ga irin su Babangida Kakadawa sun riƙe shi. So nake hannunka da kunnenka su ɗanɗana nauyin abin, daga nan ka koma ka sake sauraron tsirkiyar da ka ce abu ɗaya take yi.

In kuma ka yi sha'awar ɗaukar wani yanki na kiɗansa ko muryarsa ka saka a naka, kamar yadda ake yayi yanzu, ka sani yana da magada. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato tasa sai 2085, ɗaukar murya kuma tana da nata haƙƙin daban. Ka nemi iyalinsa ku yi magana a rubuce, in ka rasa hanya ka tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, hedikwatarta tana Abuja. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa a ba ƙaramin ma'aikaci haƙƙinsa bai cancanci a ci nasa ba.

Akwai kuma taimakon da kai za ka iya yi wanda ni ba zan iya ba. Abin da ke YouTube na waƙoƙinsa kaɗan ne daga abin da ya yi, wasu ma an yanke su, wasu an sa musu sunan da ba nasu ba. Na ga da idona yadda aka tara tsofaffin faya-fayai a wani ɗaki mai yoyo a wata ma'aikata, har suka manne da juna aka kwashe aka zubar, kuma har yau abin yana ci mini rai don ban yi magana da ƙarfi a lokacin ba. Amma akwai sauran kasakasai a hannun tsofaffin direbobi, da masu shagon kaset na da a Dilimi da Gangare, da cikin akwatunan iyayenmu mata. Kana da na'urar da za ta juye su zuwa kwamfuta. Ka bi su gida-gida da ladabi, ka juye, ka mayar wa kowa da nasa, ka rubuta sunan waƙa da inda aka samo ta. Ka fara kafin damina ta zagayo, don laimar Jos ba ta barin kaset.